Idan Gaban Mota Ya Ƙi Shan Kwana a Jiƙaƙƙen Titi

Ruwan ba wani mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne da ya jiƙa kwalta ya ɗauke. Na shigo shataletale da saurin da na saba shiga da shi kullum, na murɗa sitiyari yadda hannuna ya saba, sai motar ta ƙi bi. Hancinta ya miƙe yana nufar bakin titi kamar ban taɓa sitiyarin ba. Abin da har yau ban manta ba shi ne yadda sitiyarin ya yi sakayau a hannuna. Nauyin nan da ake ji idan taya na cizon kwalta ya ɓace gaba ɗaya, kuma babu wata ƙara. A busasshen titi taya kan yi kuka kafin ta saki, a jiƙaƙƙe kuwa shiru take yi. Na ƙara murɗawa, motar ta ƙara miƙewa. Allah Ya taimake ni babu kowa a layin waje, kuma firgici ya sa na ɗaga ƙafa daga totur. Sai na ji tayoyin sun sake kamawa, saura taki ɗaya ko biyu in hau dakalin titi.

Injiniyoyin mota suna kiran wannan hali andastiya. Da Hausa ƙin shan kwana ne: tayoyin gaba sun rasa riƙo kafin na baya, don haka mota ta buɗe kwanar fiye da yadda aka murɗa sitiyari. Kishiyarsa ita ce obastiya, inda bayan motar ke fara zamewa, ta nemi juyowa ta fuskanci inda ta fito. Masu ƙera motocin hawa da gangan suke saita su ta yadda gaba zai riga baya saki, domin abin da direban da ya tsorata zai fara yi shi ne ɗaga ƙafa daga totur, wanda kuma shi ne ainihin maganin gaban da ya zame. Saboda haka motar da ta miƙe a kwana ba lallai ne tana da lahani ba. Abin dubawa shi ne a wane sauri ta fara, kuma me ya sa ta fara da wuri haka.

Duk nauyin mota da ƙarfin injinta da birkinta a kan wurare huɗu suke sauka, wato inda tayoyi suka taɓa ƙasa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Riƙon da ke wannan ɗan wuri ƙayyadadde ne, kuma shi kaɗai ake rabawa. Da shi taya ke jan mota, da shi take tsayar da ita, da shi take karkata ta. Abin da ka kashe wajen birki ya fita daga abin da za ka sha kwana da shi. Injiniyoyi kan zana wannan a matsayin da'ira, wadda ake jingina wa Bajamushen injiniya Wunibald Kamm: kana iya neman ƙarfi daga taya ta kowace fuska, amma jimillar abin da ka nema ba za ta tsallake da'irar ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Aikin ruwa shi ne matse da'irar nan. Riƙon jiƙaƙƙen titi kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, a wani titin har ya kai rabi, shi ya sa kundin dokokin hanya na Birtaniya ya ce tazarar tsayawa a cikin ruwa tana ninka ta busasshen titi aƙalla sau biyu.

Galibin ƙananan motoci na yau masu jan gaba ne. Injin na gaba, giya na gaba, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar yana kan ƙafafun gaba. Tayoyin nan biyu su ke ja, su ke karkata mota, su ke ɗaukar kaso mafi yawa na birki. Na baya biye kawai suke. Idan ka ba mota wuta kana tsakiyar kwana, illa biyu ka yi wa tayoyin gaba lokaci guda: ka ɗora musu aikin ja a kan aikin karkata, sannan nauyin motar ya koma baya, ya rage danna su a ƙasa. Yawancin zamewar da ake yi wajen fita daga shataletale ko shiga babban titi daga ƙarami, daga nan take.

Akwai kuma lissafin da ido ba ya gani. Ƙarfin da kwana ke nema daga taya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauri, ninkin sauri a kan kansa yake bi. Ka ninka saurinka sau biyu, abin da ake nema daga taya ya ninka sau huɗu. Wanda ya shiga kwana a kilomita 50 cikin awa maimakon 40 yana ganin ƙarin goma ne kawai, alhali ya ƙara wa tayoyinsa aiki da kusan kashi 56 cikin 100. A juya lissafin: kwanar da iyakarta kilomita 60 ne a bushe, idan ruwa ya cinye rabin riƙo, iyakarta ta dawo kusan 42. Ni abin da ya same ni ke nan. Saurin da na saba da shi na busasshen titi ne, kuma ban sake lissafi ba da na ga kwalta na sheƙi.

To me ya sa ƙara murɗa sitiyari ke ƙara ɓata lamari? Taya ba ta karkata mota kamar yadda ƙafar jirgin ƙasa ke bin dogo. Roba ce, murɗewa take yi a inda ta taɓa ƙasa, kuma kullum akwai ɗan bambanci tsakanin inda taya ta fuskanta da inda take tafiya a zahiri. Yayin da wannan bambanci ke ƙaruwa, ƙarfin da take riƙe mota da shi ta gefe yana ƙaruwa, har ya kai ƙololuwa a 'yan digiri kaɗan. Daga nan sai ya fara sauka. Idan ka wuce wannan gaɓa, tayar ta daina birgima tana cizo, ta koma gogar kwalta a kaikaice. Direban da ya ƙara murɗawa yana ƙara nisanta ta ne daga inda take da riƙo. Akwai ma wani haɗarin a ɓoye: idan sauri ya ragu tayoyin suka kama ba zato alhali sitiyari na murɗe sosai, motar za ta fizgo ciki da ƙarfi, ta iya tsallakawa hannun masu zuwa ko bayanta ya juya.

Abin yi a wannan daƙiƙa ko biyu ya saba wa abin da jiki ke so. Ka sassauta ƙafa daga totur a hankali, kada ka fizge ta. Nauyi zai dawo gaba, ya danna tayoyin, sauri kuma ya ragu. Na ce a hankali ne domin fizge ƙafa a tsakiyar kwana mai sauri na iya sauke nauyin baya farat ɗaya, baya ya zame. Sannan ka ɗan warware sitiyarin kaɗan, ka mayar da tayoyin kusa da inda motar ke tafiya, har ka ji nauyi ya dawo hannunka. Wannan nauyin shi ne shaidar riƙo ya dawo, daga nan sai ka sake karkatawa a tsanake. Idonka kuma ya tsaya a kan inda kake son zuwa. Hannu yana bin ido, wanda ya ƙura wa fitilar titi ido kuwa yawanci ita yake samu.

Maganar birki tana da ɗan sarƙaƙiya. A motar da ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, idan ka danne birki tayoyin gaba suka kulle, sitiyari ya zama ba shi da amfani, motar za ta miƙe duk yadda ka murɗa shi, sai ka sassauta birkin kafin ta saurare ka. ABS, wanda kamfanin Bosch ya fito da na zamaninsa a motar Mercedes-Benz a 1978, yana hana wannan kullewa, ya bar maka ikon karkatawa kana birki. Za ka ji fedar na rawa a ƙarƙashin ƙafarka, kada ka saki, aikinsa yake yi. Amma bai ƙara wa taya riƙo ko kaɗan ba, rabon abin da ke akwai yake gyarawa. Idan zamewar ƙarama ce kuma akwai fili, ɗaga ƙafa da warware sitiyari sun wadatar. Idan kuwa ka ga babu makawa sai ka bugi wani abu, to ka miƙar da sitiyari gwargwadon iko ka taka birki sosai, domin duk saurin da ka rage kafin karo riba ne.

Haka na'urar ESP take, wadda ta fara fitowa a 1995 kuma ta zama wajibi a sabbin motoci a Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Tana kwatanta inda ka murɗa sitiyari da yadda motar ke juyawa a zahiri. Idan ta ga gaba na miƙewa, sai ta rage ƙarfin injin ta kuma kama birkin tayar baya ta ɓangaren cikin kwana don ta janyo hancin motar. Ta ceci rayuka da yawa, ina kuma ganin kashe ta a titin jama'a ganganci ne. Sai dai ta fi gwanancewa wajen kama bayan da ya zame. Gaban da ya shiga kwana da saurin da ya fi ƙarfin tayoyinsa, abin da za ta iya yi masa kaɗan ne. Idan fitilarta na yawan ƙyaftawa a kwanar da kake bi a sauri na hankali, saƙo ne cewa a je a duba tayoyi.

Washegarin abin da ya same ni na durƙusa a gaban motar, na murɗe sitiyari har ƙarshe don in ga faɗin tayar duka. Daga waje lafiya lau take, zanenta raɗau. Da na kai hannu gefen ciki, wanda ba a gani idan mota na tsaye daidai, sai yatsana ya zame a kan roba sumul. Faɗin kamar yatsu biyu ya suɗe, zagaye da tayar. Saitin ƙafafun motar ne ya goce, wato alayimen, tayar na tafiya tana gogar gefe ɗaya wata da watanni, ni kuwa ina kallon gefen waje ina cewa da sauranta.

Zanen taya magudanun ruwa ne. Tayoyin motocin tsere na busasshen fili ba su da zane ko ɗaya, kuma sun fi kowace taya riƙo, shi ya sa suɗaɗɗiyar taya ke yaudarar mai ita: a bushe ba ta nuna komai. Sai ruwa ya sauka asirinta ke tonuwa. Ɗauki taya mai faɗin santimita 20 tana gudun kilomita 80 cikin awa a kan ruwa mai zurfin milimita 3 kacal. A kowace daƙiƙa tana cin mita 22, dole kuma ta kawar da ruwan da ya kai lita 13 daga gabanta. Kowane ɓangare na robar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a ƙasa ba kafin ya ɗaga, a cikin wannan ɗan lokaci ne zai matse ruwan ya taɓa kwalta. Tayoyin gaba su ke fara cin karo da wannan ruwa, na baya kan bi sawun da aka riga aka share musu, in dai tafiya a miƙe ake. Sabuwar tayar mota kan zo da zane mai zurfin kusan milimita 8. Doka a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ta tsaya a kan milimita 1.6, kuma a daidai wannan zurfin ne aka yi 'yan tuddan nan da ke cikin kwarin zane, waɗanda idan suka yi daidai da saman roba taya ta ƙare. Amma riƙon ruwa yana fara lalacewa tun kafin nan. Masana da dama na ba da shawarar canji a milimita 3, ni ma ra'ayina ke nan ga duk wanda ke tuƙi cikin ruwa akai-akai.

Idan ruwan ya fi ƙarfin magudanun, sai ya taru a gaban tayar, ya shige ƙarƙashinta ya ɗaga ta. A lokacin mota kan ruwa take yawo, ba sitiyari ba birki. Abin yi kawai shi ne riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a jira ta sauka. A 1963 masu bincike biyu a hukumar NASA ta Amurka, Walter Horne da Robert Dreher, sun yi nazarin wannan a kan tayoyin jiragen sama, suka nuna cewa saurin da taya ke fara hawa ruwa gaba ɗaya yana da alaƙa da iskar da ke cikinta. Idan aka bi lissafinsu, taya mai iska psi 32 (psi ma'aunin iskar taya ne) za ta hau ruwa a wajen kilomita 94 cikin awa, mai psi 24 kuwa a wajen 82. Lissafin na ruwa mai zurfi ne da ya shafe zane, kuma tayar mota ba ta jirgi ba ce, amma alkiblarsa gaskiya ce. Na kawo shi ne saboda masu rage iskar taya idan ruwa ya zo, wai don ta ƙara shimfiɗuwa ta kama ƙasa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tsakiyarta ke lotsawa ciki, ta tara ruwa a ƙarƙashinta, gefenta kuma ya riƙa lanƙwashewa a kwana, sitiyari ya yi jinkirin amsawa. Cika ta fiye da kima shi ma yana rage inda ta taɓa ƙasa. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota, ba lambar da ke gefen taya ba, wadda iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. A kuma auna da safe kafin tayar ta yi zafi.

Zane mai zurfi ma ba ya wadatarwa idan robar ta tsufa. Rana da zafi da iska suna busar da ita, ta taurare, ta daina shiga ƙananan ramukan kwalta. A gefen kowace taya, a ƙarshen lambobin da suka fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara idan ta kai biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma ko da zanenta na nan. Haɗin robar ma ya bambanta ƙwarai daga taya zuwa taya. Tun da aka fara sa sinadarin silika a roba a farkon shekarun 1990 riƙon ruwa ya inganta sosai, amma ba kowace taya ke da haɗi mai kyau ba. Takardar da ake manna wa tayoyi a Tarayyar Turai tana nuna darajar riƙon ruwa daga A zuwa E. Ta Amurka kuwa a jikin tayar ake rubuta ta bayan kalmar TRACTION, daga AA zuwa A, B da C. Duka biyun birki a miƙe suke aunawa, ba shan kwana ba, amma tayar da ta faɗi a nan da wuya ta burge a kwana. A kuma duba ko an ɗaura taya daidai. Mai zane kamar kibiya tana da alamar da ke nuna inda za ta juya, idan aka juya ta baibai, ruwan da ya kamata ta watsar waje ciki take tara shi.

Shoka ita ma tana da hannu. Idan ta mutu, taya kan riƙa tsalle a kan gargada, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai. Bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙafar mota, idan suka saki suna barin ƙafa ta canja saiti a tsakiyar kwana. Masu son gyare-gyare kuma, waɗanda ke ƙara wa mota faffaɗar taya ko su taurara ƙafafun baya don hancinta ya riƙa shiga kwana da kaifi, su sani faffaɗar taya ruwan da za ta kawar ya fi yawa, motar da aka saita bayanta ya riƙa juyawa da sauƙi a bushe kuma, a cikin ruwa za ta juya fiye da yadda aka so.

Titin ma ba iri ɗaya ba ne daga mita zuwa mita. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba ya fi mamako santsi, domin yana kwaɓa ƙura da man da motoci suka zubar da garin roba, ya zama kamar sabulu kafin ruwa mai yawa ya wanke shi. Shataletale da bakin danja da wuraren da manyan motoci ke tsayawa su suka fi tara wannan. Fentin titi, murfin ƙarfe na magudanar ruwa, ƙarfen mahaɗar gada, da kwaltar da ta goge har tana ƙyalli, duk riƙonsu ƙasa yake da na sauran titin. Shi ya sa ake gama birki tun mota na miƙe, kafin a fara murɗa sitiyari, a shiga kwana da totur a tsaye, a kuma jira sai sitiyari ya fara warwarewa kafin a ba ta wuta.

Inda na fi samun gardama da mutane shi ne wajen sayen taya biyu. Wanda gabansa ya zame, hankalinsa zai ba shi ya sa sabbin a gaba, tunda can matsalar take, can kuma injin ke ja. Ni ma haka na yi niyya. Amma manyan kamfanonin taya, irin su Michelin da Continental, shawararsu ita ce sabbin su tafi baya, ko motar mai jan gaba ce ko mai jan baya. Dalilin kuwa, idan gaba ya fi baya riƙo sosai, to a cikin ruwa baya ne zai fara saki. Zamewar gaba kana jin ta a hannunka, kuma ɗaga ƙafa na gyara ta. Zamewar baya ba ta sallama, ɗaga ƙafa da taka birki kuma ƙara mata ƙarfi suke yi, kafin direban da ba a horar ba ya gane abin da ke faruwa mota ta yi katantanwa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Tsarin da ya dace shi ne sabbin su koma baya, tsofaffin na baya su dawo gaba, da sharaɗin zanensu na da zurfi kuma robarsu ba ta bushe ba. Idan ba su cika wannan sharaɗi ba, to gaskiyar ita ce motar taya huɗu take bukata. Motocin da girman tayar gaba ya bambanta da na baya, da masu jan ƙafa huɗu da ke son tayoyi masu zurfi kusan ɗaya, sai a bi abin da littafinsu ya ce.

Tawa motar, na baya suna da sauran zane kusan milimita 6 kuma shekararsu biyu, don haka suka dawo gaba, sabbin suka hau baya. Kafin a sauke ta na sa aka gyara alayimen, aka kuma canja bushi ɗaya da ya tsage a ƙafar hagu, wanda shi ne ya jawo gocewar tun farko. Da aka auna iskar tsofaffin na gaba kafin a cire su, ɗaya ta nuna psi 25, alhali takardar jikin ƙofa 33 ta ce.